Mai Zanen Jimina Ya Tafi, Jiminar Ma Ta Bi Shi

Filinge a gadon kogi take zaune. Wanda ya hau tudun gefen gari ya dubi ƙasa zai gani da idonsa: kwari ne mai faɗi ya taso daga arewa ya nufi kudu, jajayen duwatsu sun yi masa katanga, cikinsa rairayi da gawo da gonakin hatsi. Shi ne Dallol Boso. Can sama ana ce masa Azawak, can ƙasa ana ce masa Boboy, bakinsa kuma yana faɗa wa kogin Isa a wajen Bumba. Ruwan da ya haƙa wannan kwari ya daina gudu tun shekaru dubbai. Ragowarsa na kwance ƙarƙashin rairayi, shi ya sa mai haƙa rijiya a dallol ba ya shan wahalar da na kan tudu yake sha. Ƙasarmu ta Kurfai, da garuruwanta da kasuwanninta da maƙabartunta, a kan abin da ya riga ya mutu aka kafa ta, mun kuma saba har ba ma gani.

A irin wannan ƙasa ce manomi kan tsinci wani ɗan dutse gogagge, mai santsi, baƙi ko kore-kore, bakinsa kamar na gatari. Hausawa na ce masa gatarin aradu. Maƙwabtanmu Zabarmawa na jingina shi ga Dongo, wanda masu borinsu suke ɗauka shi ne mai tsawa. Wasu kan ɓoye shi a ɗaka, masu magani kan saye shi. Alhali ba daga sama ya faɗo ba. Mutum ne ya zauna kwana da kwanaki yana goga shi a kan wani dutsen har ya yi baki, ya ɗaura masa ƙota, ya sari itace da shi tun ba a san ƙarfe a ƙasar nan ba. Mutumin nan uwa ce ta haife shi, an raɗa masa suna, yana da aminai, yana da wanda ba sa ga-maciji da shi, kuma ranar da ya cika akwai wadda ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ina jin labarin tsawa ya fi mana daɗi ne domin ba ya hana barci. In dutsen na aljani ne, babu ruwanmu. In kuwa na mutum ne irinmu, dole a tambaya: ina yake, ina zuriyarsa, wa ya san sunan garinsu?

Bi kwarin nan ka yi arewa. Ka wuce Tukunus inda ake kiwon shanun Azawak, ka wuce Abala, ka bi shi inda ya ratsa gefen Mali ya sake komowa Nijar, har ka shiga ƙasar da yau sai raƙumi. A wuraren da ake kira Taferjit da Tamaya Mellet an tsinci kawunan mashi na ƙashi, irin na sukar kifi, tare da ƙasusuwan dorina da kada. Tun 1934 aka buga bayaninsu a Faransa. A Shin Tafidet an tono kaburburan mutane da na shanu, shanun ma binne su aka yi da gangan, wajen shekara 4,000 da suka wuce. Masunta ne da makiyaya suka zauna a saman kwarinmu, ruwan da suka sha ya gangaro ta inda muke shuka wake a yau.

Kufan da ya fi tsaya mini a rai shi ne Gobero, can cikin Tenere. A shekarar 2000 wani Ba'amurke, Paul Sereno na Jami'ar Shikago, ya shiga hamada da ayarinsa suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin nan da suka ƙare tun ba a yi ɗan Adam ba. Sai suka yi kiciɓis da maƙabarta. Iska ta kwashe rairayi ta bar ƙoƙunan kai a fili. Da aka koma aka yi aiki, an ƙirga kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe. Sakamakon binciken, wanda aka buga a 2008, ya nuna al'umma biyu ne suka zauna a wurin. Na farkon dogaye ne ƙarfafa, masunta da mafarauta, sun zauna nan tun wajen shekara 10,000 da suka wuce. Fari ya zo ya tashe su, wurin ya yi kusan shekara dubu babu kowa. Da ruwa ya dawo sai wasu mutane daban suka iso, sirara, ba su kai na farkon tsawo ba, suka kafa zango a tudun nan, suka riƙa binne matattunsu gefen na waɗancan. Bisa wannan bincike, ba su san su ba, ba su gaje su ba. Tudu ne mai kyau a bakin ruwa, kowa ya zo sai ya ga kamar shi aka ajiye wa.

Cikin kaburburan na biyun akwai na wata mace da yara biyu, an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe. Ƙurar fure da aka samu a ƙarƙashinsu ta sa masana na ganin a kan furanni aka shimfiɗe su. Shekara sama da 5,000 ke nan. Akwai wata yarinya da warwaron hauren dorina a dantsenta. Wani ne ya tsinko furannin nan, wani ne ya gyara hannuwan nan uku ya haɗa su kafin a zuba ƙasa. Shi ma mai gyarawar wani ya gyara shi, har aka kai ga na ƙarshe da bai samu mai gyara shi ba, ko ya bi sauran ruwa ya yi kudu.

Abin adon da ake yawan tsinta a kufan Sahara shi ne 'yan ƙananan tsakiyoyi da aka fafe daga ɓawon ƙwan jimina. Ita kanta jiminar tana nan birjik a jikin duwatsun Abzin. A Dabus, tsakanin Agadas da Arlit, akwai zane sama da 800 da aka sassaƙa a dutse. Wanda ya yi suna a duniya shi ne na raƙumin dawa mai tsawon mita 5.4, wanda Bafaranshe Christian Dupuy ya rubuta bayaninsa a 1987. Daga bakin dabbar wani layi ya gangaro ya ƙare a kan ɗan ƙaramin mutum. Sai dai in ka bar manyan ka dubi sauran dutsen, bayan shanu jimina na cikin waɗanda aka fi zanawa. A wasu kwaruruka na Abzin kuma, irin su Iwelen da Jean-Pierre Roset ya tona, mutane ne a tsaye riƙe da mashi, sama da shekara 2,000 da sassaƙa su. Da yawa daga mayaƙan da aka zana a duwatsun Abzin suna da gashin tsuntsu tsaye a ka, wanda masana ke ɗauka na jimina ne. Mutum ya ari adon tsuntsu ya ɗora a kansa, ya sa an zana shi haka domin na baya su san an yi jarumi a nan. Na bayan sun zo, mu ne. Mun ga gashin, mun ga mashin, sunan kuwa ko harafi ɗaya bai iso mu ba.

Ba mai zanen kaɗai ya tafi ba. Jimina ta daɗe tana ciyar da fatake: a ƙarni na 19 gashinta na cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Kano da Damagaram zuwa Tarabulus, daga can ya haye Turai ya hau hulunan mata. Sarakunanmu sun yi figini da shi, sun yi takalmi. Ƙwanta ya hau kan masallatai da ɗakunan manya. An kafa gandun Abzin da Tenere a 1988 domin kare irinta, amma a shekarun tawaye na 1990 aka ƙarasa garken ƙarshe da bindiga da mota. Yau mai son ganin jiminar Nijar mai jan wuya sai ya je inda aka killace ta da waya, irin su Kelle a ƙasar Gure. Raƙumin dawa shi ma saura ƙiris ya bi ta: a 1996 waɗanda suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su kai 50 ba, kuma a ƙasan dallol ɗin nan namu suke, wajen Kure. Su dai Allah ya yi da sauran kwanansu, an tsare su, sun haura 600.

Haɗa tsuntsu da mutum a dutse ba a Sahara aka fara ba, ba a nan aka daina ba. A kogon Lasko na Faransa, wanda wasu samari suka gano a 1940, cikin ɗaruruwan dabbobin da aka zana mutum ɗaya tak ne, ga shi yana faɗuwa da baya a gaban wani irin ɓauna da hanjinsa ya zubo, kansa kan tsuntsu, gefensa sanda da tsuntsu a samanta. Shekara wajen 17,000. A Gobekli Tepe ta Turkiyya akwai ginshiƙin dutse da ya haura shekara 11,000, ungulu a sama da fiffike a buɗe, can ƙasa mutum babu kai. A kufan Babbar Zimbabuwe an samu tsuntsaye takwas na dutse, wasunsu da yatsu da leɓe irin na mutum.

Inda abin ya fi yawa shi ne wurin wasu mutane da ke nesa da mu ƙwarai, Inuwit na arewacin Kanada, inda ƙasa ƙanƙara ce kuma rana kan ɓace makonni a lokacin sanyi. Su ma a kan kufan wasu suke. Kafin su akwai waɗanda suke kira Tunit, da suka rayu a wurin ƙarnuka masu yawa, suka sassaƙa 'yan ƙananan shaho da sauran dabbobi da haure, suna tsaga musu alamar haƙarƙari da ƙashin baya a jiki, kamar mai sassaƙar yana hango ƙwarangwal ta cikin fata tun dabbar na da rai. A wani wuri da ake kira Qajartalik sun bar fuskokin mutane wajen 180 a jikin dutse mai laushi. Da kakannin Inuwit suka taso daga Alaska, wajen shekara 800 da suka wuce, Tunit suka ɓace. Binciken jini na 2014 ya nuna ba su ne suka haifi Inuwit na yau ba. Gobero ce dai aka maimaita a cikin ƙanƙara.

Su kuma sababbin zuwan sun bar wani abu da ake tsinta a kufansu da yawa: 'yan tsuntsayen ruwa na haure, ba su wuce ɗan yatsa ba, gindinsu shafaffe yadda za su zauna kamar suna iyo, wasunsu daga ƙirji zuwa sama mace ce. Franz Boas, wanda ya zauna a tsibirin Bafin ya buga littafinsa a 1888, ya tarar ana wasa da irinsu. Ana zama a kewaye, a girgiza su a hannu a watsa sama. Wadda ta faɗo ta zauna daidai, wanda take fuskanta shi ya ci ta. Ba zan ɗora wa masu wasan abin da ba su faɗa ba. Wasa ne na dogon dare. Amma wanda ya zauna a gari ya ga yadda mutuwa ke tsallake tsoho mai shekara casa'in ta ɗauki jikansa da ke rarrafe, da wuya ya ji labarin wasan nan bai yi shiru ba.

A tsibirin nan na Bafin aka haifi Kenojuak Ashevak a 1927, a ɗakin ƙanƙara. Tana da shekara shida aka kashe mahaifinta. Daga 1952 zuwa 1955 tana kwance a wani asibiti a birnin Kebek da tarin fuka, dubban kilomita daga gida, kuma tana can wasu daga cikin 'ya'yanta suka rasu. Ta koma ta tarar da gurbinsu. Bayan 'yan shekaru aka buɗe ɗakin buga zane a garin Kinngait, ta karɓi fensir da takarda ta fara zana tsuntsaye, wasu na fitowa daga kan mace, wasu sun sarƙe da mutum har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare. A 1960 ta zana wata mujiya mai dogayen gashi a baje, wadda Kanada ta sa a kan sarkin gidan waya a 1970. A wurinmu mujiya tsuntsuwar da ake jifa ce, kukanta a kan ɗaki kan sa tsofaffi salati. Can kuwa da ita ƙasa take alfahari. Kenojuak ta rasu ranar 8 ga Janairu 2013 tana da shekara 85. A 2018 aka yi gwanjon takarda ɗaya ta mujiyar nan a kan dalar Kanada 216,000, ita kuwa tana kabari shekara biyar.

Yadda ake buga zanen ya cancanci a tsaya a kansa. Ana shafe fuskar wani faifan dutse, a kwafi zanen a kai, masassaƙi ya fafe duk inda ba a so ya bar siffar a tsaye, a shafa tawada, a ɗora takarda a danna. Ana buga adadi ƙayyadadde, galibi 50. In an cika adadin sai a goge fuskar dutsen tas, a ɗora zanen wani. Su da suka fi mu sanin dutse ba su ɗauke shi ma'ajiyar dindindin ba. Wani abin kuma: daga shekarun 1940 zuwa na 1970 gwamnatin Kanada ta bai wa kowane Ba'inuwit wata 'yar lamba ta rataya a wuya, domin ma'aikata sun kasa rubuta sunayensu. Masassaƙa da yawa lambar suka riƙa karcewa a gindin aikinsu. Mutum na da rai, hannunsa bai huce daga dutsen ba, sunan ya riga ya zama lissafi. Abin da suka dogara da shi wajen riƙe suna shi ne abin da mu ma muka sani: a ba jariri sunan wanda ya rasu. Kenojuak sunan kakanta na wajen uwa ta ci. Mu ma yaron da ya ci sunan kakansa muna ce masa Abba ko Baba, yarinya Ummi ko Inna. Dabara ce mai kyau, tana ɗaukar suna ta kai shi gaba. Mai sunan kuwa, halinsa da muryarsa da abin da ya sha wahala a kai, ba sa wuce jika.

Na san akwai mai cewa, malam, me ya haɗa Musulmi da gumakan mutanen da? Gaskiyarsa, ba bauta muka zo yi ba, kuma ba ma karɓar aƙida daga dutse. Amma yawo a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata abu ne da addini ya yi umarni da shi a wurare da yawa, kuma ba a ce sai kufan Musulmi ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ko binne gawa ma a wurin tsuntsu ɗan Adam ya fara ganinsa. Suratul Ma'ida ta ba da labarin ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa ya rasa yadda zai yi da gawar, har aka aiko hankaka yana tonon ƙasa ya nuna masa. Tun ranar tsuntsu na kusa da kabarin mutum.

Masu sassaƙar nan ba su bar bayani ba, don haka kowa da ra'ayinsa. Nawa ra'ayin daga shamuwa na same shi. Tana sauka a garuruwanmu gab da damina, ta yi sheƙa a itacen tsakar gida, babu yaron da zai jefe ta bai sha faɗa ba. Manomi na ganinta ya hau gyaran iri. Ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, kaka na yi ta tashi ta yi kudu har ƙasashen ƙarshen Afirka. Duk sauran dabbobi in sun tafi suna barin sawu, mafarauci ya bi. Tsuntsu kaɗai ne kake kallonsa yana tafiya, ido biyu, ba ka da hanyar bi. Wanda ya taɓa riƙe kan majinyaci a cinyarsa har numfashi ya tsaya ya san wannan kallon. Jikin na nan da ɗuminsa, kana riƙe da shi, amma wanda kake kira ba ya ciki. Ba mamaki mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba, wani a kogo, wani a hamada, wani a ƙanƙara, da suka nemi abin da za su ajiye kusa da mutum suka ɗauko mai fiffike. Mu kuma muna cewa shamuwarmu ta dawo, alhali ba lalle ta bara ba ce, kuma ba duk wanda ya tare ta bara ne yake tsakar gidan bana ba.

Kufan da ya kamata ya fi ba mu kunya yana cikin jiharmu ta Tilaberi, tsallaken kogi, a ƙasar Tera. A 1975 aka tsinci kawunan gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Bura. A 1983 Bube Gado, na cibiyar bincike ta IRSH a Jami'ar Yamai, ya tona wurin ya tarar da maƙabarta: dogayen tuluna sama da 600 a kife, wasu da kan mutum a samansu, wasu da mahayi a kan doki, hannunsa cike da warwaro. A ƙasansu mutanen ne kwance da kibiyoyin ƙarfe da kayan ado. An ƙiyasta zamaninsu daga ƙarni na 3 zuwa na 13. A yankin an samu har da mutum-mutumi na dutse, shafaffu, fuska ce kawai da alamar kafaɗa. Jama'a ce da ta yi wajen shekara dubu tana ƙira, tana hawan doki, tana girmama matattunta, amma Bura da muke kiran su sunan ƙauyen yau ne. Yadda suke kiran kansu ya tafi tare da su.

A 1993 aka baje kayan a birnin Faris cikin wani babban nuni na tarihin kwarin kogin Isa. Daga nan dillalai suka san hanya. Rani na yi, mutanen ƙauyuka suka shiga haƙa, ana fasa tulu don a ciri kai, ana watsar da ƙashi. Dokar kare kayan tarihi ta 1997 ta zo ta tarar an yi nisa, kuma a 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka fi wawashewa a Afirka. Ba na ɗora laifin duka a kan talakan da rumbunsa ya ƙare tun watan Maris. Mai saye da ke zaune a Turai cikin sanyi ya fi shi kaso. Amma abin da ya sauƙaƙa wa hannu ɗaga diga shi ne an ce ai ba namu ba ne, arnan da ne. Kabari kuwa kabari ne. Wanda ya kife tulun nan a kan mahaifinsa ya yi iya abin da ya sani na girmamawa, ya tafi da zaton an gama. Shekara nawa ake bukata kafin kabari ya zama ba na kowa ba? A garuruwanmu masu girma mun ga tsohuwar maƙabarta ta koma fegi tun jikokin waɗanda ke ciki suna raye.

Ba sai an kai shekara dubu ba. A 1925, a Shikal, tsakiyar Kurfai, wata mace mai suna Shibo ta tashi da borin Hauka, jama'a suka bi ta suna bijire wa Gado Namalaya, sarkin da Faransawa suka tsaya wa. Kumandan Croccichia na Yamai ya sa aka kama su aka tsare. A lokacin magana ce da ta cika ƙasa, mutane sun rasa barci a kanta, an raba gidaje. Yau da Shibo da sarkin da kumandan, da mulkin da ya aiko shi, duk sai a takardun masana. A 1931, bayan fara ta cinye amfanin gona a yammacin Nijar, yunwa ta kashe mutane ba adadi ana kuma karɓar haraji. Waɗanda suka faɗi a hanya babu wanda ya rubuta su. A shekarar ce aka haifi Seyni Kunce a Fandu, nan kusa da mu. Ya riƙe ƙasa daga 1974, sunansa kaɗai kan sa ma'aikaci ya gyara zama, ya cika a wani asibiti a Faris ranar 10 ga Nuwamba 1987 yana da shekara 56. Kusan rabin mutanen Nijar a yau ba su kai shekara 15 ba. A wurinsu shi da Shibo duk mutanen da ne.

Ɗan'uwa, gwada ka ƙirgo iyayenka maza. Uba, kaka, kakan uba. Yawancinmu a na huɗu muke tsayawa, in ba gidan sarauta ba inda maroƙa ke riƙe musu. Kuma wannan na huɗun da ka kasa tunawa, shi ne ya sari dajin da kuke shari'a a kansa yau. 'Yan'uwa biyu, ciki ɗaya, su yi shekaru suna zarya tsakanin fadar hakimi da gaban alƙali a kan taku goma na rairayi, su sayar da bisashe su biya kuɗin mota, su hana 'ya'yansu gaisawa, har ɗayansu ya mutu ɗayan ya tsaya a bayan sahu yana jin nauyin matsowa. Manomi ya cinye burtali da garma, makiyayi ya saki garke cikin hatsi da dare, a zare takobi a kan ƙasar da ta ga masu dorina ta ga masu jimina.

Addininmu ya hutar da mu daga wahalar mutanen Bura. Babu tulu, babu doki, babu siffa. Ƙyalle fari, rami daidai kafaɗa, a jera itace, a sa ganye, a toshe da laka, a tara ƙasa a yayyafa ruwa. Wani ya kafa ɗan reshe ko ya ajiye fasasshiyar tukunya don a gane wurin, damina kaɗan su wuce ya baje. Abin da ake tsayawa a kansa kafin a sallaci gawa shi ne bashi. Wani daga dangi ya miƙe ya ce, jama'a, duk mai bin marigayi ya zo ya same ni, na ɗauka. Mai kanti kan zo, mai bin awon hatsi kan zo, a biya su cikin kwana uku. Waɗanda ba sa zuwa su ne ƙanwar da aka cinye wa gado aka ce ai tana gidan miji, da marayan da aka riƙe wa saniya har ta haihu sau huɗu ba a nuna masa ɗan maraƙi ba, da matar da sadakinta bai cika ba tun ranar ɗaurin aure, da Bafulatanin da aka toshe wa hanyar rijiya. Su kunya ko tsoro ba za su bar su su ratso taron maza su yi magana ba, wanda ya ce ya ɗauka kuma bai san da su ba. Mutum ɗaya ne ya san lissafinsu duka, shi ne wanda ke kwance a gaban liman.